Gurnanin Akun Malam Dikko

Argungu,
12 ga Satumba, 1988.

Zuwa ga Kawu Abdussamadu mai gyaran rediyo, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Gwaggo Laure da duk mutanen gida. Mun ji ka faɗo daga kan rufi wajen ɗaura eriya, ƙafarka ta karye. Inna ta yi ta salati. Allah ya sa kaffara ce, ya sa ɗorin ya kama.

Kawu, ni ce Riskuwa, 'yar Ma'u, jikar ƙanen babanka. Ƙila ba za ka tuna ni ba. Zuwanka gidanmu na ƙarshe, ni ce na ɓuya bayan randa na ƙi fitowa gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji shida na tsaya, kuma ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba.

Muna lafiya, sai Baba. Ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi da bazara ya yi sauƙi, yana cin abinci, yana zuwa masallaci. Muryarsa ce ba ta dawo duka ba.

Ka san shekara goma sha bakwai shi ke yin bege a Maulidin garin Gulma. Ran Juma'a Malam Hodi mai shirya taron ya zo jin ko bana ma Baba zai yi. Ina kai musu ruwa na ji Baba yana cewa, "Hodi, ku nemi wani. Murya ta tahi, Aku ya mutu. Mi ya rage?" Malam Hodi ya ce shi ba zai ɗauki wannan magana yau ba. Zai dawo ran sha biyar ga Oktoba, abin da Baba ya faɗa ranar shi ke nan.

Aku shi ne injin amsa-kuwwar da ka sayo masa a Kaduna tun ba a haife ni ba, wanda in Baba ya kai ƙarshen baiti sai ya maimaita masa. Shekara uku yana ajiye, tun da rufi ya zubo masa ruwa. Da Baba na da murya bai damu ba.

Tun tafiyar Malam Hodi, Baba ya juya fuska bango. Ko rediyo ba ya kunnawa. Inna ta ce in ya saki Gulma, ba zai sake tashi daga tabarmar nan ba.

Da izinin Inna na ɗauke Aku na kai ɗakin ajiya, na kwance bayansa da wuƙar tebur. Ga abin da na gani: gidan zanzaro biyu, kashin ɓera, zaren ɗaukar murya, irin na kaset, ya manne ya ruɓe. Akwai ƙwai huɗu na gilashi a tsaye, uku kansu kamar azurfa, ɗaya kansa fari kamar an shafa alli. Ban kunna ba, ina tsoro.

Kawu, zai gyaru? Na san ba ka iya tasowa. In ka faɗa mini abin yi zan yi a hankali. Hannuna ba ya rawa, ni ke sa wa Inna zare a allura. Baba bai sani ba, don Allah kada ya ji. Arzika direba ne zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa.

'Yarka,
Riskuwa Dikko.

Birnin Kebbi,
16 ga Satumba, 1988.

Ɗiyata Riskuwa,

Wa alaikumus salam. Na tuna ki sarai, ƙafafunki kawai na gani ƙarƙashin randa. Ƙafata kuwa tana cikin karare awa ɗan akuya da anka ɗaure za a kai kasuwa. Laure ta samu abin da take so, ga ni zaune gida ina shan faɗa. Ki gaida Ma'u. Ki duba mini Malam Dikko, ko da yake ba za ki ce ni na aiko ba.

Aku zai gyaru. Injin wanga ya girme ki, ya girmi motar Arzika, amma irinsu ba su mutuwa da sauƙi.

Kafin komai, ki ji wannan da kyau. Cikinsa akwai wuta mai kisa, kuma tana kwana ciki ko an cire fulogi. In kin kashe shi, ki cire fulogi, ki je ki yi wani aiki, ki dawo. Kada ki taɓa ƙasan allon da wayoyi suke. Aikinki duk a sama yake.

Ƙwan gilashin nan sunansa bawul. Mai farin kai iska ta shige shi, ya mutu. Ga wani cikin gwangwanin madara, na naɗe shi da auduga. Ki kama tsohon ta gindi, ki ɗan girgiza, ki ja sama. Ƙafafunsa tara, akwai giɓi wuri ɗaya, sabon ba zai shiga ba sai giɓi ya dace da giɓi. Kada ki yi masa ƙarfi.

Gidan zanzaro ki fasa da tsinke, ki share da gashin kaza. Ban da ruwa.

A sama, inda zare ke bi, za ki ga ƙarafa biyar masu santsi a jere. Kawuna ake ce musu. Na farko yana goge zare, na biyu yana rubuta murya, sauran ukun suna karantawa, su ke amsawa. Ki sayo sifirit a kemis, ki naɗa auduga a tsinken ashana, ki goge kawuna har auduga ta daina fitowa ja. Kawunan injin nake nufi, ba ni ba, ni Laure na wanke ni.

Ga zare na aiko. Ki auna da tsohon, ki yanka da reza, ki haɗa baki da baki ya zama zobe. Gefen da ba ya ƙyalli shi ke kallon kawuna. 'Yar tayar robar da ke jan zare, ita ma ki goge ta.

In kin gama ki kunna, ki tsaya nesa, ki ga ko bawul huɗu sun yi ja. Duk ƙarar da kika ji ki rubuto mini kamanninta. Mai gyara da kunne yake gani.

Kawunki,
Abdussamadu.

Argungu,
24 ga Satumba, 1988.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa tana sauƙi. Inna na gaishe ku, ta ba Arzika busasshen kifi ya kawo wa Gwaggo.

Jikin Baba ya ɗan motsa. Ruwan da aka yi ta yi makon nan ya sa masa sanyi. In yana barcin rana ƙirjinsa na wani gurnani, ana ji daga tsakar gida. Inna ta ce majina ce kawai. Ni dai ba na son jinsa. Kawu, Inna ta ce ka taɓa aiki a asibiti kana kula da injin wuta, ka ga marasa lafiya da yawa. Irin wannan gurnani yana warkewa? Ba ni da wanda zan tambaya.

Na yi duk abin da ka ce. Mai kemis ya tambaye ni me zan yi da sifirit, na nuna masa takardarka. Auduga goma sha ɗaya na ɓata kafin kawuna su yi haske. Bawul ya shiga da kansa da na dace da giɓin. Zaren ne ya wahalar da ni, sau huɗu ina yankawa. Na haɗa shi da ƙaro, don shi muke da shi.

Ran Alhamis da aka kawo wuta, Baba ya tafi masallaci, na jona Aku da amfilifaya da ƙaramar lasifika kamar yadda nake ganin yana yi. Na kunna na gudu bakin ƙofa. Kawu, sun yi ja! Duka huɗun, kamar garwashi. Zare ya fara zagayawa. Inna ta ce in yi magana a makirfo, na rasa abin cewa, na ce "Inna." Sai ya ce "Inna, Inna, Inna." Ta zauna a kan buhun shinkafa ta rufe baki.

Amma akwai ƙara iri uku.

Ta farko ita ce babba. Wani ƙugi ne mai kauri da ba ya tsayawa, kamar an rufe zuma cikin tulu. Ya fi maganata ƙarfi. In na dafa jikin injin ba takalmi sai ya ragu, amma ina jin wani tsir-tsir a yatsuna. In na ɗauke hannu ya dawo.

Ta biyu, duk zagaye ɗaya sai ya ce tas.

Ta uku, in na murɗa maɓallin farko sai ya yi ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye.

Da wannan ƙugi ba zan iya nuna wa Baba ba. Zai ce ai ya faɗa. Saura kwana ashirin da ɗaya Malam Hodi ya dawo.

'Yarka,
Riskuwa.

Birnin Kebbi,
27 ga Satumba, 1988.

Riskuwa,

Gwaggonki Laure ce. Kifi ya iso, a yi wa Ma'u godiya. Kawunki ba ya iya riƙe alƙalami yau, maɗori ya zo ya sake ɗorin, yana kwance yana kiran sunan kakanninsa. Na karanta masa takardarki. Arzika na ƙofar gida yana ta danna odar mota, don haka ga abin da ya ce a gurguje.

Ya ce gurnanin nan ya san shi, ya sha ganin irinsa. Ba shi da magani sai ƙasa. Ya ce a nemi wuri mai sanyi a bayan ɗaki a haƙa tun yanzu, kada a jira. Sauran bayani na tafe.

Allah ya ba mu haƙuri duka.

Laure.

Birnin Kebbi,
4 ga Oktoba, 1988.

Ɗiyata,

Lafiya na ji shiru? Kwana bakwai ba takarda. Kun haƙa kuwa? Lokaci na tafiya. In Ma'u ba ta iyawa, ke ki yi, ba wani zurfi ba ne. Na ba wani mai albasa wannan, don ban ga Arzika ba.

Abdussamadu.

Argungu,
7 ga Oktoba, 1988.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Takardunku biyu sun zo. Ban nuna wa Inna ko ɗaya ba. Suna cikin matashina. Kwana goma ke nan ina ɗauke da maganar ni kaɗai, in Inna ta ce me ya same ni in ce ciwon kai.

Ni yarinya ce, bai kamata in mayar maka da magana ba. Ka yafe mini. Amma ba zan haƙa ba. Baba yana da rai. Jiya ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Da ƙafarsa ya je Juma'a yau. Ko likita ne ya faɗa, ai sai ya ga mutum tukuna, kai kuwa ba ka gan shi ba. Kuma ko ta Allah ta kasance, Argungu muna da maƙabarta, ba a bayan ɗaki za a sa Babana ba.

Ni na jawo, da na tambaye ka. Da na sani da na yi shiru kamar yadda na saba.

Na rufe Aku da zane, ban sake taɓa shi ba. Na ga ba amfani. Yanzu in Baba na barcin rana ina zama bakin ƙofarsa da tsintar shinkafa, ina sauraron ƙirjinsa. Jiya ya farka ya gan ni, ya ce, "Ke kuma lahiya kike gadina awa wanda ya ci bashin sarki?" Na tashi na shiga madafa na yi kuka.

In akwai wani magani, ko na asibiti ko na gida, ko mai wuya ne, ka faɗa mini. In babu, don Allah kada ka sake aiko da maganar haƙa.

Riskuwa.

Birnin Kebbi,
9 ga Oktoba, 1988.

Riskuwa ɗiyata,

Innalillahi! Injin nake nufi! Aku! Ba Malam Dikko ba!

Na karanta takardarki na nemi tashi tsaye, na manta ƙafa. Mu masu gyara, ƙugin nan mai kauri gurnani muke ce masa. Ranar da Laure ta karanta mini, maɗori na jan ƙafata, ban ji gaisuwa ba, ban ji tambayarki ba, maganar inji kaɗai ta shiga kunnena. Laure ta ce ita ma ta ji abin wani iri tana rubutawa, amma ta ce mutanen asibiti haka suke, ba su da tausayi. Na ce ni injin wuta na kula da shi, ko allura ban taɓa riƙewa ba! Tun jiya muke faɗa a kan wa ya fi laifi. Cikakken bayani da waya na ba Arzika washegari, ashe motarsa ta kwana goma a gareji da ƙunshin ƙarƙashin kujera. Ki yafe mana, ɗiyata. Kwana goma yarinya na ɗauke da wanga abu.

Ƙirjin babanki ban san komai a kai ba. Ku kai shi a auna shi, ku ji daga bakin masu sani. Mutumin da ke neman ƙarin tuwo dai ban fid da rai gare shi ba.

Yanzu ga ƙasar da nake nufi. Wutar da ta ɓace hanya tana taruwa a jikin injin, ita ke gurnani, ita ce tsir-tsir da kika ji. Da kika dafa shi ba takalmi, ta bi jikinki ta shige ƙasa, shi ya sa ya ragu. Kada ki sake yin haka. Hanya za mu yi mata. Ki samo ƙarfe mai tsawon kamu biyu. Ki haƙa rami inda ke da laima, ki kafa shi, ki zuba gawayi da gishiri, ki mayar da ƙasa, ki kwara ruwa. Ki kankare kan ƙarfen, ki ɗaure wayar da na aiko, ɗaya bakin ki ɗaure a kusar da ke bayan injin.

Tas ɗin nan, ƙaronki ne. Ki yanka sabon zare a karkace, ba a miƙe ba, ki haɗa ta bayan da farin salatif da na sa. Ƙas-ƙas kuwa datti ne. Ki cire fulogi, ki ɗiga sifirit a wuyan maɓallin, ki murɗa sau arba'in.

Saura kwana shida. Yi maza.

Kawunki mai laifi,
Abdussamadu.

Argungu,
15 ga Oktoba, 1988.

Kawu,

Assalamu alaikum. Na yafe, ku ma ku yafe mini maganganun da na rubuta. Da na karanta takardarka na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Sai na ba Inna duka ukun. Ta karanta ta ce a gaya wa Gwaggo Laure tana nan zuwa Birnin Kebbi musamman dominta.

Mun kai Baba an auna shi. An ce majina ce ta sanyi, an ba shi ƙwayoyi. Ƙirjin ya yi shiru.

Ƙafar tsohon gadon ƙarfe na samu. Ran Laraba da hantsi ina haƙa bayan ɗakin ajiya, wajen da ruwan wanke-wanke ke bi, sai na ji Baba a kaina.

"Mi kike haƙa nan?"

Kafin in ƙirƙiro ƙarya, Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Kabarinka ne, Malam. Abdussamadu ya aiko a yi maka." Ta ba shi labari tun daga farko. Kawu, Baba ya yi dariya har ya dafa bango, ya yi tari, ya sake dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin azumi. Ya ce, "Bayan ɗaki? Wajen ruwan wanke-wanke? Abdussamadu bai ko zaɓa mini wuri mai daraja ba!" Ya karɓi fartanya ya ƙarasa ramin da kansa.

Da na ɗaure wayar na kunna, na ɗauka injin bai kama ba. Shiru. Sai da na ga bawul sun yi ja. Tas ta tafi, ƙas-ƙas ta tafi. Sai wani ɗan shuu can ƙasa-ƙasa, Baba ya ce wannan tun yana sabo da shi ya zo.

Ya daɗe yana shafa jikin Aku. Ya ce, "Ke kika yi wanga?" Na ce Kawu ne. Ya ce, "Kawu na Birnin Kebbi da ƙafa ɗaya."

Sai ya ɗauki makirfo. Muryar ta fito da daɗi, Aku ya cika ta. Amma numfashinsa ba ya kai baiti. Yana kaiwa rabi sai ya tsaya ya ja iska, Aku ya amsa da sauri ya gama, sai shiru, sai a ji shi yana haki a lasifika. Sau uku yana gwadawa. Ya ajiye ya ce, "Aku ya warke. Mai shi ne bai warke ba."

Yau Malam Hodi ya zo. Kafin Baba ya buɗe baki, ban san lokacin da na ce daga bayan ƙofa, "A ƙara mana mako ɗaya" ba. Ban taɓa magana gaban baƙo ba. Malam Hodi ya ce, "Wa ke nan?" Baba ya ce, "Injiniyata ce." An ba mu zuwa Asabar mai zuwa.

Kawu, akwai abin da za a yi wa shirun nan?

'Yarka,
Riskuwa.

Birnin Kebbi,
17 ga Oktoba, 1988.

Injiniya,

Lafiya lau muke. Laure ta ce Ma'u ta zo, tana jiranta da muciya.

Ɗan shuu ki bar shi, numfashin zare ne.

Ga maganar shiru. Maɓalli na uku yana zaɓen kan da zai amsa. Malam Dikko ya saba da na kusa, mai saurin amsawa, don da yana da iska. Ki mayar da shi kan na nesa, na ƙarshe. Shi sai ya ɗan jinkirta. Maɓalli na biyu shi ke ƙara yawan amsawa. Kada ki bar shi wuri ɗaya. Yana cikin baiti, ki rage. Ya zo inda zai ja iska, ki ƙara, Aku ya riƙe masa kalmar har ya dawo. In kin wuce rabi zai yi kururuwa ya kori jama'a, ki sa alama da alli.

Wannan ba a rubuce ake koyonsa ba. Ki zauna ki san numfashin babanki. Hakin kuwa, ya kau da baki daga makirfo in zai ja.

Gulma ba wuta, da janareta za ku yi. Ki sa a kai shi nesa, kuma can ma sai kin haƙa. Ki faɗa musu dalili tun da wuri.

Kawunki.

Argungu,
31 ga Oktoba, 1988.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka fara taka ƙafar. Muna lafiya ƙalau. Baba ya ce in gaishe ka, ya ce kana binsa bashin ziyara, shi zai zo.

An yi Maulidin Gulma shekaranjiya, kuma Baba ne ya yi bege.

Kwana goma muka yi muna gwaji kullum bayan la'asar. Da farko ina makara, ko in riga shi. Yakan ce, "Ke, Aku na shiga bakina!" Daga baya na gane kafin ya ja iska muryarsa takan ɗan yi sama. Da na kama wannan shi ke nan. Da Malam Hodi ya dawo, baiti biyu ya ji ya ce a kashe, ya isa, kada a ƙarar masa da shi tun a nan.

Arzika ya kai mu da sassafe. Na haƙa ramina bayan zanar da aka kewaye wa mata. Wata tsohuwa ta tsaya a kaina tana kallon gishiri da gawayi, ta ce, "Ɗiyar nan, asirin wa kike binnewa ranar Maulidi?" Inna ce ta cece ni. A cikin zanar na zauna da Aku, aka ja waya zuwa rumfar maza. Na ji daɗin haka, ba mai ganina. Ni ma ba na ganin Baba, kunne kawai.

Da hantsi aka ba shi makirfo. Baitin farko muryarsa na rawa. Ya kai rabi, ya tsaya, na murɗa. Aku ya riƙe kalmar, ta tafi ta kan rumfa ta dawo, kafin ta mutu Baba ya kama. Na ji maza sun yi salati. Matan da ke kusa da ni suka daina hira. Muka yi ta tafiya haka, shi ya ja iska, ni in murɗa. Tsohuwar nan ta matso ta riƙa yi mini fifita.

Kawu, saura baiti shida zaren ya tsinke. Inda na haɗa ne ya saki, ina jin zafi ne ya yi masa yawa. Na ga bakinsa yana lilo. Ban yanka na biyu ba, ban yi tunanin haka ba. Muryar Baba tana fita, amma ba mai amsawa. Ya kai rabin baiti ya tsaya. Na rufe ido.

Sai na ji an amsa. Mutanen rumfa ne. Sun daɗe suna jin inda Aku ke shiga, sai suka ɗauki kalmar suka maimaita, sau biyu, a hankali, yadda yake yi. Baba ya dawo ya kama. A tsayawa ta gaba mata ma suka shiga. Haka aka ƙarasa baiti shidan. Ni ina zaune da tsinkakken zare a hannu, bakina ma yana amsawa.

Da aka tashi na rufe Aku da sauri don kada Baba ya gani. Na yi niyyar ba zan faɗa ba. Mutane suka yi ta zuwa gaishe shi. Wasu daga Zauro suka ce nasu Maulidin ran Asabar ne, ko zai zo. Ya ce zai yi shawara.

A mota ya jingina ya rufe ido, na ɗauka barci yake. Mun kusa gada sai ya ce, "Riskuwa."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Zaren ya tsinke."

Na ce, "E, Baba. Laifina ne."

Ya ce, "Na ji lokacin da ya tahi." Muka haye gadar. Sai ya ce, "Na Zauro ki yanka biyu."

Don haka, Kawu, ina roƙon ƙarin zare da farin salatif kafin Alhamis. Ka sa a hannun Arzika, ba ƙarƙashin kujera ba.

'Yarka,
Riskuwa Dikko.